FILIN MATA: Ranar Da Muka Kewaye Tafkin Bagauda

Ina gajiya? Ni dai tawa gajiyar sai cikin makon nan ta sake ni, kuma yanzu za ku ji dalili.

Makon jiya Edita ya miƙo mini wata takarda da wata uwa ta aiko daga wajen Kura. Ba ta sa suna ba, ni ma ba zan tona ba. Ta ce ta ji labari wai wata malama ta kwashi 'yan mata ta tafi da su yawon bakin tafki, ba su komo gida ba sai bayan lisha, ƙafafu duk sun kumbura. Ta ce shin me ya kai 'ya mace wannan wahala, kuma wa ya aike su? To, Inna, malamar nan ba wata ba ce, ni ce. Tun da a fili kika tambaya, a fili zan ba ki amsa, har da inda na yi kuskure ba zan ɓoye ba.

Mafarin abin a aji ne. Ran nan muna darasin labarin ƙasa na tambayi 'yan matana, na ce ruwan nan da ke gudu cikin kanal a bayan gidajenku, daga ina ya ke fitowa? Sai aka yi tsit. Can wata ta ɗaga hannu ta ce daga Kadawa. Wata ta ce ai daga gwamnati ne. Aka yi dariya, amma ni abin bai ba ni dariya ba. Ga yara an haife su a bakin ruwan nan, da shi iyayensu ke noman tumatir da alkama da shinkafa, da kuɗinsa aka sai musu littafin da ke gabansu, amma cikin aji guda biyu kaɗai suka taɓa ganin Tiga da idonsu.

Don kada ku ma ku ce ban faɗa muku ba, ga yadda abin ya ke. A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka soma wannan babban aiki na noman rani. An fara gina ƙaramar madatsa a Bagauda wajen 1970, aka jawo ruwanta aka gwada ban-ruwa a Kadawa. Da aka ga abin ya yi kyau, sai aka datse Kogin Kano kansa a Tiga, aka gama a 1974. Daga can ne babban kanal ke ɗauko ruwa, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin ƙasar Bunkure da Kura da namu Garun Mallam. Duk kwandon tumatir da kuka ga ana lodawa a Kwanar Gafan, to, da ƙyar in ba ruwan nan ya sha ba.

Na so in kai su Tiga, amma na fi so su taka ƙasar da ƙafarsu, ba su leƙa ta tagar mota ba. Tiga kuwa ba ta kewayuwa a ƙafa, don faɗin ruwanta ya kai wajen murabba'in kilomita 178. Saboda haka na zaɓi ƙaramar, watau Bagauda, wadda aka sa wa sunan sarkin da tarihi ya ce shi ne na fari a Kano. Na nemi iznin shugabar makaranta, na bi gida gida na roƙi iyaye. Wasu suka hana, ban kuwa ga laifinsu ba. Aka ba ni yara goma sha huɗu. Wata abokiyar aikina ta ce za ta raka ni, da wanta, dattijo mai haƙuri, don kada a ce mata kaɗai suka shiga daji.

Yanzu ga kuskurena na fari. A kwalejin horon malamai an koya mana wani lissafi da wani Bature ɗan ƙasar Sikotlan, Wiliyam Nesmit, ya fitar a 1892, cewa mai lafiya ya kan yi mil uku cikin sa'a guda, sa'an nan a ƙara masa lokaci in akwai hawa. Na ɗauko taswira, na kewaya tafkin da zare, na auna, na sami wajen mil bakwai. Na ce to, sa'a biyu da rabi ke nan, in sa hutu da cin abinci a ce sa'a huɗu. Na bugi ƙirji na gaya wa iyaye azahar a gida za ta yi mana. Ashe Baturen nan ƙarti masu hawan dutse ya ke nufi, ba 'yan mata goma sha huɗu masu silifas ba. Kuma ashe zare ba ya shiga taɓo.

Ran Asabar, ƙarshen hunturu, muka tashi. Mota ta makara, ba mu sauka bakin tafki ba sai wajen ƙarfe takwas da rabi. Kai, 'yan'uwa, abin ya yi kyawun gani! Hazo ya kwanta a kan ruwa kamar an shimfiɗa farin mayafi, ga masunta cikin kwale-kwale suna janye koma, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi. Daga gefe guda ana hangen gine-ginen Makarantar Horon Lauyoyi, inda a da can otal ɗin Bagauda ya ke. Wata yarinya da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kanal faɗi ba ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, wannan shi ne teku?" Ɗaya gaɓar kuwa ga ta can, har ana ganin shanu suna shan ruwa. Yaran suka ce ai wannan kafin hantsi mun gama.

Sa'a biyu na fari tafiya ta yi daɗi. Muka bi ta gefen lambuna, manoma na ta fama da injin ban-ruwa, suna yi mana sannu, wasu na tsayawa suna kallonmu baki sake. Na riƙa nuna wa yaran itatuwa suna rubutawa: ga gawo ya yi ganye shar, shi da ba ya ganye sai da rani, ga ɗorawa, ga giginya, ga magarya. Sa'an nan muka gamu da wani tsoho yana gyaran taru a ƙarƙashin kuka. Muka durƙusa muka gaishe shi. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya ajiye tarun ya ba su labarin damunar 1988, lokacin da ruwan sama ya yi yawa cikin watan Agusta har madatsar nan ta ɓalle, ruwa ya ci gonaki da gidaje da rayuka, daga baya aka sake gina ta. Yaran suka yi jigum. Ni da na karanta wannan a takarda ban taɓa iya sa aji ya yi shiru haka ba.

Da za mu tashi ya dube mu ya ce, "Malama, kewayewa za ku yi? Duka?" Na ce i, Baba. Ya ce, "To, Allah ya taimaka. Amma fa ruwan nan yatsu gare shi." Ban gane ba, ban kuwa tsaya na tambaya ba. Kuskure na biyu ke nan.

Ashe nufinsa tafki ba kamar faranti ya ke ba, kamar tafin hannu ya ke. Duk inda rafi ke shigowa, ruwan ya kan miƙa wani dogon reshe cikin ƙasa. Sai ki ga gaɓar da za ki ga ta nan gabanki, jifa ɗaya, amma kafin ki kai gare ta sai kin bi reshen nan har ƙarshensa kin komo. Bakin rassan kuwa duk kachalla ce ta fi mutum tsawo, ƙarƙashinta taɓo. Inda ruwa ya janye, ƙasar ta yi ɓawo a sama, kina takawa sai ki nutse har idon sawu. A nan silifas guda uku suka tsinke. In mun hau tudu don gudun taɓo, sai ƙarangiya ta karɓe mu, ta cika hijabi da bakin zane, tsidau kuma na jiran masu tafiya ba takalmi. Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba. Ran nan na san ma'anarsa da ƙafafuna.

Rana ta take tsaka, hazo ya watse, ruwan da muka riƙo ya kusa ƙarewa, don jarka biyu kaɗai na sa aka ɗauko. Ku dubi wannan sakarci! Na ce ai bakin ruwa za mu. Wajen ƙarfe ɗaya muka iso wani reshe da ya fi sauran tsawo, ba a ma ganin ƙarshensa. Faɗinsa kuwa bai kai na filin ƙwallo ba, ga wasu yara maza tsirara suna ƙetarewa, ruwan iyakarsa cinyarsu. 'Yan matana suka ce, "Malama, don Allah mu tattare zane mu bi su." Abokiyar aikina ma ta dube ni, don ita ma ta gaji. Minti biyar da mun ƙetare.

Na ce a'a. A kan wannan a'a ɗin ne na ke so ku tsaya ku saurare ni da kyau, don ta shafi kowace mace da ke wanki a bakin kanal.

Ruwa mai kwanciya irin wannan, mai ciyayi a gefe, shi ne gidan tsargiya, watau fitsarin jini. Wani likita Bajamushe, Tiyodo Bilhas, shi ya gano tsutsar da ke kawo ta a Alƙahira a 1851. Ga yadda ta ke yawo: mai ciwon ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wasu 'yan ƙananan katantanwa da ke manne da ciyawa, ya hayayyafa a ciki, sa'an nan ya fito cikin ruwa yana neman mutum. Ba ya ganuwa da ido. Ba sai kin sha ruwan ba, ta fata ya ke shiga, kuma ya fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da muke tsaye a wurin. Ƙasar noman rani irin tamu an daɗe da sanin ciwon nan a cikinta, har wasu iyaye na ɗauka fitsarin jini alamar balagar yaro ce. Ba balaga ba ce, cuta ce. Ga mace kuwa abin ya fi muni, don ƙwan ya kan zauna a al'aura da mahaifa, ya kawo ciwon mara da zubar jini da ƙaiƙayi, wani lokaci har ya hana haihuwa, a yi ta zargin sanyi ko sammu ko kishiya. Akwai magani, ƙwaya ce mai suna furazikwantal, ita ce a kan raba wa yara a makarantu. In an kawo, kada ku hana 'ya'yanku sha, amma ku ciyar da su tukuna don ta kan sa jiri. In kuwa tilas ne ku yi amfani da ruwan kanal wajen wanka da wanki, ku ɗebo ku ajiye cikin randa ko baho kwana biyu, ko ku tafasa shi, tsutsar za ta mutu.

Muna cikin wannan gardama sai ga wani saurayi da kwale-kwale, ya ce zai ƙetarar da mu sawu biyu, a biya shi abin da ya sauwaƙa. Yaran suka yi murna. Na dubi jirgin, na ga na kamun kifi ne, na mutum uku ko huɗu, ruwa ma na tsattsafowa ta ƙasa, ba rigar ruwa ko ɗaya. Na tambayi yaran wa ta iya iyo, ba ko guda. Nan take na tuna da Bagwai. Ran 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da mutanen da suka taso daga Badau, mutum fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu. Su ma gaɓa suke hange. Na gode wa saurayin, na ce ƙafa ta kawo mu, ƙafa za ta mai da mu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, yaran sun ji haushina. Wata ta yi ƙunƙuni har na ji, na yi kamar ban ji ba. Kewayen reshen nan ya ci mana kusan sa'a biyu. Muna gab da ƙarshensa autarmu, 'yar shekara goma sha uku, ta ce kanta na juyawa, kafin in kai gare ta ta sulale. Hankalina ya tashi ƙwarai da gaske. Leɓenta ya bushe, jiki ya yi zafi, ta ce tun safe ba ta sha ruwa ba don kunyar neman wurin kewayawa a gaban mutane. Ku ji fa! Wannan ma abu ne da ya kamata in yi tunaninsa tun daga gida.

Allah ya taimake mu akwai wasu 'yan gidaje kusa. Dattijonmu ya yi sallama, aka yi mana iso, muka kinkime ta muka shiga. Uwargidan, Allah ya saka mata da alheri, ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta aiki yara rijiyar burtsatse. Na roƙi sukari da gishiri, na haɗa yadda aka koya mana: lita guda ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Muka riƙa ba ta kaɗan kaɗan, muna jiƙa mayafi muna shafa mata a wuya da goshi. Kafin la'asar ta tashi zaune, har ta sha fura. A nan muka yi salla, muka ci gurasa da ƙuli-ƙulin da muka riƙo. Matar nan tana dama fura tana yi mini faɗa: "Haba Malama, ke da iliminki, a fito da yara rana haka ba goran ruwa a hannun kowa?" Na sunkuyar da kai na ce gaskiya ne, Inna. Amma da na gaya mata na hana su shiga ruwa, sai ta ce 'ya'yanta maza biyu duk suna fitsarin jini, ta ɗauka haka kowane yaro ke yi. Kafin mu fito sai da ta yi mini alkawari za ta kai su asibiti.

Autar tamu aka ɗora ta a babur tare da abokiyar aikina, suka yi gaba zuwa inda mota ke jira. Na ce da sauran duk wadda ta gaji ta faɗa, a nemo mata babur, ba abin kunya ba ne. Ba wadda ta yarda, har da mai ƙunƙunin nan. Suka ɗaure tsinkakkun silifas da tsumma, muka ci gaba. Rana na faɗuwa, garken kirinjijiya na wucewa ta kanmu suna fito, muka ɓullo daidai inda muka tashi da safe. A ƙiyasina mun yi kusan ninki biyu na abin da zare ya gaya mini. Yaran suka juya suna duban ruwan, wata ta miƙa hannu tana nunawa, tana cewa can muka ga tsoho, can muka nutse a taɓo, can auta ta faɗi. Duk faɗin wurin nan ya zama nasu.

Laifina na ƙarshe shi ne lambar wayar iyaye shida kaɗai na rubuta. Sauran takwas suna zaune cikin zullumi tun azahar har bayan lisha, wani uba ma har ya hau babur ya fito nema. Washegari na bi gidajen nan ɗaya ɗaya na ba da haƙuri. Wanda ya yi mini faɗa na karɓa, don da 'yata ce da na yi fiye da haka.

To, Inna mai takarda, kin ce me ya kai 'ya mace wannan wahala. In rashin shiri ki ke nufi, kin yi gaskiya, na kuwa amsa laifina. Amma in nufinki tafiyar kanta ba ta dace da mace ba, a nan za mu rabu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Ta kan naɗa jaji, ta ba ta malfa, jajin nan ta jagoranci dattawan mata da 'yan mata daga ƙauyuka, su tako a ƙasa su zo ɗaukar karatu, su koma su koyar da na gida. Ba mota suka hau ba. Kakanninmu mata kuma wasu da ƙafa suka nufi Makka ta hanyar Sudan, shekara da shekaru suna tafe. A Ingila an kafa ƙungiyar 'Yan Gaid tun 1910, a kan fitar da 'yan mata daji a koya musu karanta taswira da taimakon gaggawa. A Amurka kuma gwamnatocin jihohi kan keɓe daji da tafki, su share hanyar ƙafa kewaye da ruwan, su kafa allo mai faɗin mil nawa ne da irin wuyar hanyar, don kada kowa ya shiga da ka irin tawa. Da akwai allo ɗaya irin wannan a Bagauda, da zarena bai yaudare ni ba. Ina roƙon hukumomin da abin ya shafa su duba.

Ran Litinin na sake yin tambayar nan tawa a aji. Wannan karon ba ni na yi bayani ba. Mai ƙunƙuni ce ta fito gaban allo ta zana tafkin da yatsunsa, ta zana kanal, ta gaya wa waɗanda ba su je ba abin da ya sa ba a tsoma ƙafa a ruwan kachalla. Uwarta ta aiko mini daga baya, wai yarinyar ta hana ƙannenta wanka a kanal, har ana rigima a gida.

Duk malama ko uwar da ke son gwada irin wannan, ga abin da wahala ta koya mini. A fara zuwa a tambayi mutanen wurin, musamman masunta, a kuma sanar da mai unguwa. A fita da sassafe cikin hunturu, kada a kuskura a yi cikin bazara. Kowace yarinya ta riƙe goranta, lita biyu, a kuma riƙa tsayawa ana cewa kowa ta sha, kada a jira sai ta nema. A sa kambas da safa, a bar silifas a gida, hijabi kuma kada ya ja ƙasa. A ƙulla sukari da gishiri a leda. A yanke tun daga gida cewa in ƙarfe kaza ta yi ba a kai wuri kaza ba, za a juya. Abin da lissafi ya ba ki na lokaci kuwa, ki ninka shi biyu kafin ki faɗa wa iyaye.

In Allah ya kai mu hunturu mai zuwa, za mu bi gefen babban kanal, inda hanya ta ke a miƙe ba yatsu, mu ga yadda ake buɗe ƙofofin ruwa ana raba wa gonaki. Wannan karon da iyaye mata na ke so a tafi, uwa biyu ko uku. Inna mai takarda, ke na fara gayyata. Ki aiko da amsa ta hannun Edita, ki faɗi lambar takalminki, kambas ɗin ni zan saya.